Wanda ya koma zunubi bayan baftisma, sai ya sake ta?

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka baftisma, daga baya ka koma halinka na dā, yanzu kuma ka tuba, kana tambaya ko sai an sake nitsar da kai a ruwa. A'a. A Littafi Mai Tsarki, Afisawa 4:5 ta ce baftisma ɗaya ce. Tuba ce ake maimaitawa, ita kuwa kullum ce.

Duba Luka 15. A misalin da Yesu ya bayar, wani yaro ya bar gida ya cinye rabon gādonsa, yunwa ta kai shi kiwon aladu, ya kamo hanyar gida yana shirya roƙon a ɗauke shi bara. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje (dattijo fa!) ya rungume shi. Bai ma kai ga maganar barantakar ba aka kawo riga da zobe da takalma. Uban bai taɓa cire shi daga 'ya'yansa ba.

Bitrus ma, almajirin Yesu, ya yi musunsa sau uku, ba a sake masa baftisma ba, aka danƙa masa kiwon tumaki, wato kula da masu bin Yesu.

In tun kana jariri aka yi maka, wannan wata magana ce: Katolika da Angilika sun karɓe ta, Baftis kuwa sai mutum ya furta bangaskiya da bakinsa. A nan sai ka zauna da fastonka.