Ma'aikatana Suna Ɓoye Mini Matsala Har Sai Ta Lalace

Tambaya: Malam, ina da gidan burodi a Zariya, ma'aikata 14. A watan jiya injin kwaɓa fulawa ya tsaya cak, muka yi kwana biyu ba burodi, masu shaguna suka koma wajen wasu. Da na bincika sai na gano ya yi mako biyu yana wata irin ƙara, kowa ya ji, ba wanda ya faɗa mini. Gaskiya ina da zafi, in aka yi ɓarna ina faɗa sosai, wani lokaci in yanke albashi. Ƙanena da ya karanta harkar kasuwanci ya ce matsalata rashin basirar sarrafa zuciya. Ni kuma ina ganin in ka yi sanyi yara raina ka za su yi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Ƙanenka ya fi kusa da gaskiya, amma tsoron rainin da kake yi ba shirme ba ne, zan zo kansa.

Fara duba abin da ya faru. Mutum 14 sun ji injin yana ƙara, kuma kowannensu ya san in ya tsaya har da shi a asarar. Duk da haka kowa ya ga shiru ya fi masa sauƙi a kan ya zo ya same ka. Wannan shirun koyonsa suka yi, kuma a wajenka suka koya. Duk ranar da wani ya kawo maka labarin ɓarna ka sauke masa kwandon faɗa a gaban abokan aikinsa, sauran sun ɗauki darasi: wanda ya kai labari shi ke shan wahala. Ka ƙara da tarbiyyarmu, inda yaro ba ya son ya zama shi ne ya ɓata wa maigida rai, sai ya ce "lafiya lau, ranka ya daɗe" alhali abu na ta lalacewa.

Abin da ƙanenka yake magana a kai fanni ne da aka yi bincike a kansa. Masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su suka tsara shi a 1990: iya gane abin da ke motsi a zuciyarka da zukatan wasu, da iya amfani da wannan sanin wajen yanke shawara. Daniel Goleman ya yaɗa shi a duniya a 1995, sannan a 1998 ya kawo shi fagen shugabancin kamfanoni, ya kasa shi biyar: sanin kai, mallakar kai, himma, tausayawa, da iya zama da mutane. An zuzuta batun daga baya, har ana cewa ya fi ilimi da ƙwarewa muhimmanci. Ban yarda da wannan ba. Wanda bai san lissafin fulawa da sukari da man dizal ba, kyawun hali ba zai hana gidan burodinsa rufewa ba. Kai ka san sana'arka. Abin da ke ci maka dukiya shi ne labari ba ya isowa gare ka da wuri.

A shekarun 1990 wata mai bincike a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi nazarin rukunonin ma'aikatan jinya a asibitoci game da kurakuran ba da magani. Ta zaci rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar su suka fi yawa. Dalili kuwa, su ne ba sa jin tsoron faɗa; inda shugaba ke da zafi, kuskuren yana nan, rufe shi kawai ake yi. Saboda haka in wata ya wuce ba wanda ya kawo maka matsala, kada ka yi murna tukuna.

Misalin da na fi so in ba masu kamfani shi ne na Ford, masu ƙera motoci. A 2006 suka ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing ya shugabance su, a shekarar da suka yi asarar sama da dala biliyan 12. Ya kafa taro duk ranar Alhamis, kowane babban manaja ya nuna aikinsa da launi: kore in lafiya, rawaya in da damuwa, ja in an shiga matsala. Makonni suka yi ta wucewa komai kore, a kamfanin da kuɗi ke zurarewa. A can an saba duk wanda ya nuna rauni, kujerarsa ce a bakin ƙofa. Ran nan wani manaja mai suna Mark Fields ya sa ja a kan sabuwar motarsu Edge, saboda an samu matsala a ƙofarta ta baya har ya dakatar da fitar da ita. Ɗakin ya yi tsit, ana jiran a ga ƙarshensa. Mulally ya tafa masa, ya tambayi sauran wa zai iya taimakawa. A makonnin da suka biyo baya sai ga rawaya da ja sun cika takardun. Fields ɗin nan shi ya gaje shi a 2014. Ka lura, Mulally bai ce matsalar ba komai ba ce, sai da aka gyara ta. Abin da ya mallaka shi ne fuskarsa da bakinsa a minti na farko.

Wannan minti na farkon shi ne aikinka. In fushi ya taso, jiki yana riga tunani: zuciya ta buga da sauri, murya ta tashi, kafin hankali ya gama auna girman abin. Wani bincike da Matthew Lieberman ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya a 2007 ya nuna cewa kiran motsin zuciya da sunansa, kamar fushi ko tsoro, yana rage motsin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kunna faɗakarwar haɗari. Ko a zuci ka ce "raina ya ɓaci" ya taimaka. Kuma mu muna da wannan tun tuni: Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, kuma ya yi umarni in fushi ya kama mutum yana tsaye ya zauna. Don haka in yaro ya zo da mummunan labari, ka zauna, kalmarka ta farko ta zama "madalla da ka faɗa mini", ta biyu kuma "yaushe ya fara, me kake gani za mu yi?" Binciken laifi ka bar shi sai bayan la'asar ko washegari, kai da shi kaɗai. Mutuminmu yana iya jure yankan albashi, amma ba ya manta tozarci a gaban na ƙasa da shi.

Yanzu maganar raini. Raini ba daga sanyin murya yake zuwa ba. Yana zuwa ne in doka ba ta da tabbas, yau a hukunta gobe a ƙyale, a hukunta bare a ƙyale ɗan ɗakin maigida. Ka raba abu uku a fili kowa ya sani. Kuskure, kamar burodi ya ƙone sau ɗaya, gyara da koyarwa yake so. Sakaci mai maimaituwa gargaɗi yake so, sannan hukuncin da aka sanar tun farko. Ha'inci kuwa, satar fulawa ko rage awo, babu sassauci a kansa. Sannan ka ƙara doka ɗaya: wanda ya faɗi matsala da wuri ba za a taɓa albashinsa ba, wanda ya gani ya ɓoye shi zai amsa tambaya.

Game da injin, shawarata kada ka hukunta kowa a wannan karon, domin ƙa'idar ba ta nan lokacin da abin ya faru. Tara su, ka gaya musu nawa aka yi asara a kwana biyun nan da abin da gyaran farko zai ci da an yi shi da wuri, ka sanar da sabuwar dokar. Kullum kafin a kunna tanda ka ɗauki minti biyar kana tambayar kowane sashe, kai tsaye da sunan mutum, abin da bai yi daidai ba jiya, domin tambayar "akwai matsala?" ga taro amsarta kullum "babu". Ba za su yarda da kai nan take ba. Za su fara gwada ka da ƙananan labarai, tire ya lanƙwashe, yis ya kusa ƙarewa, suna kallon fuskarka. In kana ganin zafin zai rinjaye ka a makonnin farko, ka sa babban ma'aikacin da suka fi sakewa da shi ya riƙa karɓar rahoto yana kawo maka kowace safiya.