Me ya sa Baba yake kiran akuya tunkiya?

Tambaya: Mahaifina tsohon dillalin bisashe ne a nan Damagaram. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ta dama, sai ya nuna akuya ya ce tunkiya, ya nuna raƙumi ya ce doki. Amma gatari da hauya da tukunya ba ya kuskuren sunansu. Hankalinsa ne ya taɓu? (Wata mai karatu daga Birni, Zinder)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ƴar'uwa. Wannan ba taɓin hankali ba ne. Shanyewar dama na nufin ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ya ji ciwo, kuma a can harkar magana take a wurin yawancin mutane.

Ki dubi yadda kuskuren yake. Bai taɓa kiran akuya tsintsiya ba, da sunan danginta yake kiran ta. Ƙwaƙwalwa dangi-dangi take jera kalmomi, kamar Kasuwar Dole, masu hatsi gefe guda, masu tufafi gefe guda. Da ido ya ga akuya, sunanta na motsawa tare da na tunkiya da rago da saniya, sai wanda ya fi dacewa ya rinjayi sauran. Idan hanyar ta raunana, na kusa sai ya riga shi fitowa.

Ana iya auna wannan. A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard a Amurka sun manna wa mutane wayoyi a fatar kai suna karanta jimloli. Idan kalmar da ba ta dace ba ta zo, lantarkin ƙwaƙwalwa kan yi wani tsalle cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, shi ne ake kira N400. A 1999 Kutas da Kara Federmeier suka nuna tsallen ya fi ƙanƙanta idan baƙuwar kalmar dangin wadda ake jira ce. A Hausance, "ta dama fura da takalmi" zai girgiza ƙwaƙwalwa fiye da "ta dama fura da kunu", ko da yake nono ake jira.

To me ya sa dabbobi suka ɓace, kayan aiki suka tsira? A 1984 Elizabeth Warrington da Tim Shallice a Landan sun bayyana majinyata huɗu da sanin masu rai ya lalace musu fiye da na kayan amfani. Bayanin da ya fi shahara shi ne, da kamanni ake rarrabe dabbobi, kamannin kuwa sun yi kusa: ƙafa huɗu, wutsiya, gashi, kofato. Hauya da gatari kuwa aikinsu da motsin hannu ne ke rarrabe su, kuma wannan sani ya dogara da wasu sassan ƙwaƙwalwa dabam.

Ku gwada abu ɗaya a gida. Ki jera hotunan dabbobi huɗu, ki ce, "Baba, nuna mini akuya." In ya nuna daidai, ma'anar na nan, hanyar fito da suna ce ta toshe, kuma wannan ya fi jin atisaye. In a nan ma ya rikice, ciwon ya taɓa ma'anar kanta. Ki gaya wa likita wanne kika gani, domin aikin da za a yi ya bambanta.

Wajen atisaye, ku zaɓi kalmomi biyar zuwa goma, ku zauna minti 15 kullum lokacin da bai gaji ba. Kada ki yi saurin faɗa masa sunan. Ki zagaya da shi: dabba ce ko kaya? Me take ci? Ana tatsar ta? Sai ki dage a kan abin da ya raba ta da tunkiya, wato gemu da wutsiyar da ke ɗage sama, domin nan ne ruɗanin yake. In har yanzu bai fito ba, ki ba shi farkon kalmar, "a…". Tsawa da yawan gyara suna sa majinyaci ya kama bakinsa, wannan kuwa babbar asara ce. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma yana ci gaba bayan nan ga mai atisaye.

Kada ya bar maganin da likita ya ba shi, musamman na hawan jini. Idan magana ta ƙara rikicewa farat ɗaya, ko baki ya karkace, ku kai shi Babban Asibitin Zinder nan take, kada a jira gari ya waye.