Gwangwani ya ƙi yin gumi: yadda za a auna danshin iska da ɗaliban ƙaramar sakandare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Gwale. A watan Janairu na zuba ƙanƙara a gwangwani don in nuna wa ɗalibaina cewa akwai ruwa a cikin iska, amma ko ɗigo bai fito a jikinsa ba. Ba mu da ɗakin gwaji. Ina matsalar take, kuma da me zan auna danshi har yara su samu lamba su rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gwajinka bai lalace ba, iskar hunturu ce ta ba ka amsa. Gumin da ke fitowa a bayan gwangwani tururin ruwa ne da ke cikin iska, wanda ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ruwa, kamar yadda raɓa take sauka. Kowace iska tana da matakin sanyin da sai an kai shi raɓa za ta fito. A Agusta, a Kano, matakin yakan kai digiri 20 ko fiye, shi ya sa kwalbar lemo mai sanyi take jiƙa hannu nan take. Da ranar hunturu kuwa, idan zafi digiri 30 ne danshi kuma kashi 15 cikin ɗari, sai gwangwanin ya sauka kusan digiri ɗaya, kuma ruwan ƙanƙara da ƙyar yake riƙe wannan sanyi. Maganinsa gishiri: ka farfasa ƙanƙarar, ka zuba cokali uku ko huɗu, ka juya. Sanyin zai wuce sifiri, sai ka ga gumi, wani lokaci ma farin ɓurɓushin ƙanƙara a bayan gwangwanin.

Yara da yawa za su ce ruwan ciki ne ya tsattsafo. Kada ka yi musu gardama, ka zuba zoɓo a ciki, ka ba su farin ƙyalle su goge gumin. Ba za su ga ja ba. Ka kuma raba musu hazo da danshi tun da wuri, domin idan gari ya rufe sukan ɗauka ruwa ne a sama, alhali ƙura ce daga Sahara, kuma a lokacin ne iska ta fi bushewa.

Kafin awo, akwai lambobi kaɗan da ya kamata su hau allo. Ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Iyakar tururin da za ta ɗauka a digiri 10 giram 9 ne da ɗoriya, a digiri 20 giram 17, a digiri 30 giram 30, a digiri 35 kusan giram 40. Lambar danshi da ake gani a waya tana kwatanta abin da ke cikin iskar ne da wannan iyaka. Giram 9 da safe a digiri 20 ya haura kashi 50 kaɗan. Giram 9 ɗin nan da azahar a digiri 35 bai kai kashi 25 ba. Ruwan bai je ko'ina ba, zafi ne ya ƙaru. Nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, don haka a ba shi lokaci.

Da wannan jadawali gwangwanin da kansa ya zama ma'auni, musamman da damina. Samu gwangwanin madara mai sheƙi, a cire takardarsa, a zuba ruwan da ya kwana a aji zuwa rabi, a sa ma'aunin zafi a ciki. Ɗalibi ɗaya yana jefa ƙanƙara gutsure-gutsure yana juyawa, wani yana kallon bayan gwangwanin. Da zarar sheƙin ya dushe, a karanta. Idan ya dushe a digiri 20 aji kuma yana digiri 30, a raba 17 da 30, a samu wajen kashi 57. Abu biyu ke ɓata shi: zuba ƙanƙara da yawa lokaci guda, sai sanyin ya zarce matakin kafin a lura, da yara su taru suna numfashi a kan gwangwanin. Numfashi cike yake da tururi. Su ja baya taku ɗaya.

Hanyar da na fi ba ka shawara ita ce ta ma'aunin zafi biyu, busasshe da jiƙaƙƙe, saboda tana aiki a kowane wata kuma ba ta buƙatar ƙanƙara. Dalilinta shi ne na randa: ruwan da ke ƙafewa yana tafiya da zafi, kuma yadda iska ta bushe haka yake saurin ƙafewa. Sayi ma'auni biyu na ɗakin gwaji, masu jan ruwa a ciki, waɗanda suka fara daga ƙasa da sifiri har 110. Na asibiti ba zai yi ba, domin daga digiri 35 yake farawa kuma ba ya sauka da kansa. Rataye su gefe da gefe na minti biyar tukuna. Idan ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da rabin digiri, rubuta bambancin don a riƙa cirewa. Sai a ɗaure su a kan kwali ko falanki, kawunansu a sake cikin iska. A sa wa kan ɗaya rigar auduga, sabon lagwani ko guntun bandeji, ninki ɗaya, a ɗaure da zare. A jiƙa, a yi masa fifita da mafici ba tsayawa minti biyu zuwa uku, ana dubawa har ya daina sauka. A karanta jiƙaƙƙen da farko, don shi ne ke saurin hawa.

Idan busasshen yana digiri 30, ratar digiri 2 tsakaninsa da jiƙaƙƙen tana nufin danshi kusan kashi 86, ratar 5 kashi 67, ratar 10 wajen kashi 40, ratar 15 kuma ƙasa da kashi 20. Waɗannan na digiri 30 ne kaɗai. Ga sauran matakai sai an buga cikakken jadawali an manna a bango.

Yawancin kuskure daga rigar yake. Da hunturu takan bushe kafin a gama, sai awon ya nuna danshin da babu, don haka a ajiye ruwa kusa a sake jiƙawa. Ƙura da maiƙon hannu suna toshe ta, ruwan rijiyar burtsatse kuma yana barin gishiri-gishiri, saboda haka a canza ta duk mako, a yi amfani da ruwan sama da aka tace idan akwai. Kada a jiƙa da ruwan firji. A yi awon a inuwa, daidai ƙirjin babba, nesa da bangon da rana ta gasa. Akwai masu wulwula ma'aunin da igiya maimakon fifita. A aji mai yara da yawa ban ga amfanin haɗarin ba.

Idan makaranta ta sayi ƙaramar na'urar auna danshi mai batir, a gwada gaskiyarta. Cika murfin kwalba da gishiri, ka ɗiga ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ka rufe shi tare da na'urar a cikin roba mai murfi su kwana. Ya kamata ta nuna kusan kashi 75. Idan 70 ta nuna, a riƙa ƙara biyar.

Sai a raba aji rukuni-rukuni, a auna ƙarfe takwas na safe da ƙarfe ɗaya na rana, mako biyu a jere, a zana layin zafi da na danshi a takarda ɗaya. Za su ga ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana da tashar awo a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, lambar waya kuma ba a harabar makarantarka ake auna ta ba, don haka idan lambar da ke wayarka ta bambanta da ta harabar makaranta da kashi biyar ko fiye, ba abin damuwa ba ne. A ajiye takardun Janairu, a maimaita awon a Yuni ko Yuli bayan ruwa ya sauka, a ɗora su gefe da gefe.