Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Maganin kemis da "haɗi"

Tambaya: Likita, kemis da famasi ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, Malam. Famasi dole ya kasance a hannun wanda ya karanci ilimin magunguna a jami'a. Mai kemis kuwa lasisinsa na ƙananan magunguna ne irin su farasitamol da ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da suga. Allura da ƙarin ruwa ba hurumin sa ba ne. Hukumar PCN, mai kula da sana'ar sayar da magunguna a Najeriya, ita ce ke ba su lasisi duka biyun. Ka ɗaga kai ka duba bango, ko an rataye shi?

Tambaya: Maganin da wa'adinsa ya wuce da wata ɗaya fa?

Amsa: Kada a sha.

Tambaya: Yaya zan gane jabu?

Amsa: Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. In na zazzaɓin cizon sauro ne mai wurin kankarewa, ki kankare ki tura lambar ta tes. Amma masu jabu su ma suna buga lamba, don haka inda kika saya shi ne babba. Wanda ake talla a faranti, rana tana dukansa a tasha, ko na gaske ne zafi ya riga ya taɓa shi.

Tambaya: Ni manomi ne, shekarata 58. Kusan kullum da yamma yaron kemis yana haɗa min na gajiya da ciwon jiki, ƙwaya biyar a leda. Ina jin daɗinsa sosai, har na yi ƙiba. Sai dai kwanan nan ƙafafuna suna kumbura, bayan gidana ya yi baƙi.

Amsa: Baba, wannan tambaya ita ta fi tayar min da hankali. Ka daure ka tafi asibiti yau, kada ka bari sai ranar kasuwa. Baƙin bayan gida kamar kwalta alama ce ta jini yana zuba a cikin ciki.

Ga abin da muka saba tararwa a irin wannan ledar: diklofenak da ibufurofen tare, alhali aikinsu ɗaya ne, wato kashe ciwo, kuma su ne ke cin bangon ciki su jawo gyambo, su kuma gajiyar da ƙoda. Sai deksametason, wanda mutane ke kira "sha ka fashe". Ƙibar nan da kake murna da ita, ina zargin tasa ce: fuska ta cika, jiki ya tara ruwa, suga da hawan jini su hau. Wani lokacin har da kafso ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ruwansa da gajiya, sai dai ya koya wa cuta jure magani.

Wallahi abin yana ba ni takaici. An ɓare ƙwaya daga kwalinta, ba suna, ba wa'adi, wanda ya haɗa bai tambaye ka ko kana da olsa ko hawan jini ba. A famasin kirki za a tambaye ka waɗannan, a ba ka magani a mazubinsa, a rubuta yadda za ka sha, in abin ya fi ƙarfinsu su ce ka tafi asibiti. Da yawa a cikinmu kuwa wanda ya ce "je ka asibiti" shi muke gani bai iya aiki ba!

Ka tafi da ledar likita ya gani. Masu kashe ciwon ka daina daga yau, amma in da deksametason a ciki kuma ka daɗe kana sha, ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake rage shi, likita ne zai tsara maka. In jiri ya ɗebe ka ko ka yi aman jini, ko tsakar dare ne a kai ka asibiti.

Tambaya: Insulin nake yi, allurar ciwon suga, ga shi ba wuta, firji ya zama kabad.

Amsa: Hajiya, ki ƙulle kwalbar a leda ki ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, wadda aka fara amfani da ita kada ta wuce mako huɗu. Ki saya a inda kika ga an ciro miki ita daga firji mai aiki. In suga ya ƙi sauka, ki zo asibiti.