Amsa: Murhun banda na kanti ko na mai walda?

Malam, ka ce kana banda kifi da gasa nama a Yauri, kana tambaya ko ka sayi murhun gawayi na kanti mai murfi ko ka ba mai walda ya ƙera maka. Ka ba mai walda, amma da sharaɗin kai za ka zaɓi ƙarfen. Yawancin na kanti masu araha kaurinsu bai kai milimita 1 ba, shi ya sa zafi ba ya zama a ciki, gawayi ya yi ta tafiya a banza, gindin kuma ya ɓule bayan damina ɗaya ko biyu. Na durom mai lita 200 ma kusan haka yake, sai dai ya fi sauƙin kuɗi.

Ka nemi falankin ƙarfe mai milimita 3, musamman wajen da garwashi ke zama. A sa tiren toka da ake zarowa, don toka in ta sha ruwa ita ke cin ƙarfe. Ƙofar iska biyu ake so, ɗaya a ƙasa ɗaya a murfi, kowacce da marufin da ake ja. In babu su wuta za ta fi ƙarfinka, kifin ya ƙone a waje cikinsa ɗanye. Tsakanin garwashi da raga a bar kamar santimita 50. Kada ka yarda da ragar da aka shafe da zinki (ƙarfen da ake shafawa don hana tsatsa), hayaƙinta guba ne, haka ma durom ɗin da aka zuba maganin feshi. Kafin ka biya, kunna gawayin ƙirya ka rufe murfin, duk inda hayaƙi ya tsiyayo a gefe a sake gyarawa.