Tambayi Inna Mai Lambu: Taki, Tsutsa da Akuyar Maƙwabci

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu sun taru tun bayan saukar damina, amma yawancinsu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, don haka na zaɓi huɗu. Wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, amsarsa na ciki.

Inna, ina gaisuwa. Ina zaune a gidan haya a Aboabo, nan Kumasi, ɗaki ɗaya da baranda, tsakar gidan kuma duk siminti ne. Bara na sayo tumatir a kasuwar Kejetia, na matse 'ya'yansa a bokiti da ƙasar da na ɗebo a bakin titi. Ya tsiro ya yi kyau, amma da ruwan watan Yuni ya kankama sai ya yi yaushi ya mutu. Maƙwabciyata ta ce laifina ne da ban sayi takin zamani ba. Gaskiya ne? — Wata uwar 'ya'ya huɗu, Aboabo

'Yata, ki gaida maƙwabciyarki, ki ce Inna ta ce ba ta gano ba. Rashin takin buhu bai kashe tumatirinki ba. Da yunwa ce da kin ga ganyen ƙasa ya yi rawaya sannu a hankali. Shukar da ta kwana lafiya ta wayi gari a langaɓe, ɗayan biyu ne: ko bokitin ba shi da huda saiwa ta nutse, ko kuma cutar yaushi da ke zaune a cikin ƙasa ta kama ta. In ya sake faruwa, ki yanke karan daga gindi ki rataya bakinsa a cikin kofin gilas mai ruwa. In kin ga wani farin abu yana saukowa kamar zaren madara, cutar ce, ba ta da magani. Ki ƙone shukar, ƙasar kuma kada ki sake zuba mata tumatir ko barkono ko gauta, dangi ɗaya ne su ukun.

Amma ni tambayata ita ce, wa ya aike ki farawa da tumatir? Kumasi ƙasar kurmi ce, damina biyu gare mu: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Tumatir ba ya son wannan laima. Ba banza ba manyan motoci ke tafiya har Burkina Faso su ɗauko shi da rani. Kuma na kasuwa sau da yawa irin aure ne, 'ya'yansa ba sa gadon uwarsu. In dai sai kin shuka, ki jira ƙarshen ƙaramar damina, ya girma cikin hunturu kina ba shi ruwa da hannu.

Ki fara da abin da ke shiga tukunyarki kullum kuma ba ya da fushi: alayyahu, wanda 'yan kasuwa ke kira alefu, da ayoyon miyar tuwon zafi, da rama, da kuɓewa. Alayyahu sati uku zuwa huɗu kin fara tsinka. In barandarki ba ta samun rana sosai, ki dasa gwaza, ki riƙa cin ganyensa, wato kontomire irin na Tonawa, shi ba ruwansa da inuwa. Sauran kuwa suna son ranar awa biyar ko shida.

Yanzu maganar taki. Na shekara 26 ina sayar da waakye kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma a duk shekarun nan ina biyan yara kuɗi su kai mini shara bola. Ƙaiƙayin wake, karan dafin da aka tsame daga tukunya, ɓawon ƙwai, ɓawon albasa, ganyen salak da ya lalace. Sai da na tsufa na gane kuɗi nake biya a zubar mini da taki, sannan in je in sayi wani a leda. Ke ma haka kike yi duk ranar da mai aboboya, babur mai ƙafa uku na kwasar shara, ya busa miki.

Ki samu tsohuwar roba babba ko durom ɗin da ya fashe, ki huda gindi da gefe da ƙusa mai zafi. Ki shimfiɗa busasshen abu a ƙasa: busasshen ganye, yagaggen kwali, ɓawon gyaɗa. A kai ki zuba ɗanyen abu: ɓawon doya da na rogo da na ayaba, in akuya ta bar miki, da ragowar ganyen miya. Ki yayyafa ƙasa kaɗan, ki sake busasshe. Haka za ki yi ta yi, busasshen ya ɗan fi ɗanyen yawa. Laimarsa ta zama kamar tsumman da aka matse, in kin dunƙula ya kama amma ruwa bai ɗiga ba. Duk Juma'a ki juya shi da sanda don iska ta shiga, domin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi numfashi suke yi kamar mu. In sun rasa iska ne wari ke tashi. Nama, kifi, mai da ragowar miya kada su shiga, in ba ɓeraye kike son kiwo ba. Da zafin garin nan, wata biyu zuwa uku ya zama baƙi mai ƙamshin ƙasar farkon ruwa.

Abu uku da na koya da kuka. Kashin kaji ɗanye yana ƙone shuka, sai ya kwana a cikin tarin nan tukuna. Garin katako na Sokoban yana da amfani wajen rufe ƙasa, amma in kika cuɗa shi ɗanye da ƙasar shuka zai janye abincin ganye ya bar shi fari fat. Kuma ki guji na filawud da katakon da aka shafa wa magani. Tokar kurfoti kuwa tana da kyau, tana rage tsamin ƙasa irin tamu, amma ɗan cikin hannu ya ishi buhun shuka guda, kuma kada ki zuba ta a kan ɗanyen kashin kaji, ƙarfinsa zai bi iska. Ranar Babbar Sallah kuma ki aiki yaranki da bokiti: abin da ake zazzagewa daga tumbin raguna da shanu a cikin gota ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, ba abin da ya kai shi tayar da tarin taki.

Ƙasar bakin titi kuma ki rabu da ita. Kin fi ni sanin yadda ake fasa batir da ƙona wayoyin lantarki a wasu lungunan unguwanninmu. Dalma tana zama a ƙasa shekara da shekaru, tana manne wa ganye da ƙura, kuma ƙwaƙwalwar yara take fara taɓawa. Ki roƙi mai motar da ke zuwa ƙauye ya ciko miki buhu ɗaya na baƙar ƙasa. Ki haɗa kashi biyu na ƙasa, ɗaya na taki, da ɗan yashi ko garin gawayi. Ki tsayar da tsohon buhun shinkafa, ki jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama don ruwa ya ratsa, ki cika gefe da ƙasa, ki tsaga ƙananan ƙofofi a jikinsa ki dasa. Ki ɗora shi a kan bulo biyu kada simintin mai gida ya yi tabo. Ledar fiya wata kuma ta isa renon iri, ki huda gindinta kawai.

Kada ki ce wannan sabon yayi ne. Ina 'yar shekara tara a 1972 lokacin da gwamnatin soja ta Acheampong a nan Ghana ta ce kowa ya noma abin da zai ci, har makarantu suka yi gonaki. Mahaifina ya haƙe bayan ɗakinmu ya zuba masara da kuɓewa, mutane na yi masa dariya, wai jikan fataken goro ya koma riƙe fartanya. Da yunwar 1983 ta zo, shekarar fari da gobarar daji, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika gida, lambun bayan ɗakin nan ne ya riƙe mu.

Hajiya, barka da aiki. Tsutsa ta hudda mini ganyen kabeji da kuɓewa, ga wasu ƙananan fararen ƙwari a bayan ganyen barkono. Wani abokina manomin koko ya tsiyayo mini maganin feshi a kwalbar lemo, ya ce ko me ya taɓa ya mutu. Murfi nawa zan zuba a bokiti? — Wani tela, Asawase

Ko ɗigo ɗaya, Malam. Ka mayar masa da kwalbarsa yau ɗin nan, kafin wani yaro ya ga lemo. Gaskiya ya faɗa maka da ya ce ko me ya taɓa ya mutu, kai ma kana ciki. Maganin da aka yi don bishiyar koko ba a yi shi don ganyen da za a tsinka jibi a yi miya ba. Duk maganin kirki yana da rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, kuma a jikin takardarsa an rubuta kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a ci. Kwalbar lemonka me aka rubuta a jikinta?

Lambun tsakar gida ba gona ba ce, hannu ya ishe ta. Bayan sallar asuba ka juya ganye ɗaya bayan ɗaya, ka tsince tsutsa ka watsa wa kaji, ka murje ƙwan da ka gani. Minti goma ne. Sannan ka nemi 'ya'yan dalbejiya, wato dogon yaro. Ka wanke, ka shanya a inuwa, ka daka kimanin rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe ka tace da tsohon ɗankwali, ka narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama ganye, ka fesa da yamma, musamman ta ƙarƙashi inda suke ɓuya. Na ce da yamma saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma lokacin ƙudan zuma sun koma gida. In babu 'ya'yan, ganyen ma yana yi, sai dai bai kai su ba.

Ga inda mutane ke jin haushina: ba za ka ga gawa a take ba. Dalbejiya ba ta kashe tsutsa nan da nan, hana ta ci take yi, ta hana ta saɓa, sai ta lalace cikin kwanaki. Ka maimaita duk bayan kwana biyar zuwa bakwai, kuma kowane karo sabon jiƙo. Ka wanke ganye sosai kafin girki, in ba haka ba uwargida za ta tambaye ka wa ya zuba maɗaci a miya.

Kabeji kuwa, tsakani da Allah, ni na daina. Tsutsarsa ta fi ni naci. In ka matsa, ka lulluɓe shi da tsohon gidan sauron da ya sha wanki tun ranar dashe. Kai tela ne, ɗinka masa rumfa ba zai gagare ka ba.

Inna, mai gidanmu ya ce in kwashe buhunana, wai lambuna ne ke kawo sauro, kuma ina ƙara kuɗin famfo. — Wata ɗaliba, Tafo Zongo

Ganye ba ya haifar sauro, 'yata, ruwan da ya kwanta ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo sati ɗaya ne zuwa kwana goma. Don haka Alhaji yana da rabin gaskiya in kina barin faranti da ruwa a gindin buhu ko durom a buɗe. Ki zubar, ki rufe.

Kuɗin famfo kuwa kada ki yi musu, ki daina taɓa shi. Duk milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce, Kumasi kuma tana samun kusan milimita 1,400 a shekara. Ki yi lissafin rufin ɗakinki, ke ce 'yar makaranta. Ki bar ruwan farko ya wanke ƙura, sannan ki tara a galan Kufuor, rawayar jarkar nan, ki ɗaure murfi. Ruwan wanke shinkafa da na alwala duk na shuka ne. Ni kwano nake ajiyewa a ƙarƙashin buta. Ruwan wanki mai bilic da ruwan gota kam a'a, balle a kan ganyen da ake ci ɗanye. Ki rufe saman buhu da busasshen ganye, ban ruwa sau ɗaya a rana zai wadatar.

Sannan ranar da kika fara tsinka, ki ɗaure dami mai kyau ki kai wa matar Alhaji da hannunki, ki durƙusa ki gaishe ta. Nawa mai gidan sau biyu yana ba ni notis kafin in gano wannan hanya. Yanzu shi ke tambaya ko zogale ya isa yanka.

Hajiya, akuyar maƙwabci ta cinye mini ayoyo sau uku. Na yi magana, ya ce dabba ce. — Wani magidanci, Sabon Zongo

Ai dabbar ce, Alhaji, bai yi ƙarya ba. Ka ɗora buhunanka a kan benci mai tsayi, ka kewaye da tsohuwar raga ko faletin katako, ƙofar kuma ka sa mata sakata, don akuya ta iya ture ƙusa. In ya rage sauran zumunci, ka ce masa tun da akuyarsa ta ci naka sau uku, ya riƙa share maka kashinta a buhu duk sati. Na akuya ba ya ƙuna kamar na kaji, wata guda a tari ya isa zubawa.