Daren da aka haƙa ɗakin Inna

Kai ja'iri, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta min har sau biyu, ita ce kuma take rubuta maka wannan, don idon nan ya fara yi min gardama. Da farko dariya na yi har da tari, daga baya dariyar ta maƙale min a wuya. Ka ce an kama wani yaro a layinku ya zare waya daga caji a shago, samari suka rataya masa wayar a wuya suka zaga unguwa da shi ana ɗauka a bidiyo. Wani dattijo kuma ya ce ai al'ada ce, haka ake yi zamanin Turawa, shi ya sa a lokacin mutane suke kwana ƙofa a buɗe. Shi ne kake tambayata ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne me ya sa aka daina.

Dattijon naku shekarunsa nawa? In bai haura saba'in da biyar ba, ka gaishe shi, ka ce na ce shi ma labari ya ji. Ƙofa a buɗe! To sakatar da ke jikin ƙyauren gidanmu, wadda sai na sa hannu biyu nake iya ja, ado aka yi ta? Maƙera ba su rasa cinikin sakata ba, 'yan koli ba su rasa cinikin kwaɗo ba. Kantunan Turawa da na Kwara, wato Larabawan Lebanon, duk da masu gadinsu, da yawa Buzaye ne, mutum ya naɗe fuska ya ajiye takobi a gefe yana dafa shayi har asuba. Gidajen Turawa na Nasarawa ma haka, kuma da cokali zai ɓace a can, kuku da boyi ake fara tuhuma kafin a duba ko'ina. Wanda ba ya tsoron ɓarawo ba ya biyan mai gadi.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana saurayi Turawa suka shigo Kano a 1903, to shi ne yake da bakin kwatanta da da yanzu. Yakan ce a zamaninsu in magariba ta yi sarkin ƙofa ya rufe ƙofar gari, wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje sai gobe. Baƙo kuma ba ya kwana haka kawai, sai yana da mai masauki, in ya yi ɓarna mai masaukin za a tambaya. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, gari ya tsallake ganuwa. Sabon Gari ya kafu, Fagge ta cika ta batse, ciniki ya koma wajen tasha da kantuna. Da kaka ta yi sai ka ga mutane ta ko'ina, 'yan cin rani da 'yan dakon gyaɗa masu ɗora buhu a kan dala, wanda babu wanda ya san ubansa ko garinsu. Ga haraji sai da tsabar kuɗi. Ga kuɗin kansu sun zama abin da ake sawa a aljihu. Kaka yakan yi dariya ya ce a zamanin wuri, ɓarawon da zai saci kuɗin doki sai ya zo da jaki, amma yanzu fam guda takarda ce, yatsa biyu sun isa. Daga nan 'yan sane suka samu sana'a, a Kasuwar Kurmi da tashar jirgi, da reza a tsakanin yatsu.

Hukunci ma ya sauya. Turawa sun hana yanke hannu, aka bar alƙali da bulala da ɗauri da tara. Kaka dai yakan ce ko kafin su zo ba kowace sata ake yanke wa hannu ba, sai kaya sun kai nisabi, an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, ga shaidu ko mutum ya amsa da bakinsa. A cikin birni 'yan dokan En'e ne ke kama mutum, 'yan sandan gwamnati kuma suna can wajen Turawa da layin dogo.

Bari in ba ka namu na gida, tunda shi na gani da idona.

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano ce, 1956, zamanin Sarki Sanusi. Ita ta zo da sanyi, abin namu ya faru da damina, cikin marka. Ina da kamar shekara goma sha ɗaya. An kwana ana ruwa, irin siririn nan da ba ya tsayawa, mai sa barci ya yi nauyi. Da asuba Baba ya fita masallaci, ni ina kwance a soro, sai na ji salatin Inna. Ba ihu ta yi ba, salati kawai take maimaitawa da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba. Na ruga. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki da fitilar ƙwai a hannu, tana kallon bayan gado. A gindin bango, ta ɓangaren lungu, ga rami kamar bakin tukunya, iska mai sanyi tana shigowa ta ciki. An tara ƙasar a waje a gefe guda, tsaf, kamar mai aikin yana tsoron ya ɓata wa mutane hanya. Ruwa ya riga ya jiƙa bangon, dagi kawai ya sa ya yi ta ɓanɓara a hankali. Ƙyaure yana nan da sakatarsa, ba wanda ya taɓa.

Abin da ya ɗauka: kwanukan jerenta guda bakwai na saman, tasa biyu, zane uku daga cikin adaka, da wani ɗan ƙunshi da take ɗaure kuɗin adashi a ciki, sule goma sha huɗu da sisi. Kai yanzu za ka ji kamar wasa. Ka sani sule ashirin ne fam guda, kuma da kwabo ɗaya yaro yana cin ƙosai ya ƙoshi. Kwanukan nan kuwa su ne bankin mace. Da su aka kawo ta, su za ta sayar in ta shiga matsi, su za ta ƙara a kai ta kai 'yarta ɗaki. Inna tana kwance a kan gadon, tazarar hannu ɗaya, mutumin ya shiga ya fita ya fi sau uku ba ta motsa ba. Mata suka cika gida kowa da tata. Wata ta ce baduhu gare shi, wata ta ce layar zana, wata ta ce ƙasar kabari ya watsa. Kaka yana zaune a kan buzunsa ya ce, “Ku bar wa marka haƙƙinta. Wanda ya wuni yana surfe da daka, ruwa ya sauka a kansa, ba ya bukatar a yi masa asiri.” Sai kuma ya leƙa ramin ya ce wanda ya haƙa nan ya san inda gado yake, ya san inda jere yake, ai sai da ɗan gari akan ci gari.

Baba ya je ya gaya wa mai unguwa, aka yi cigiya, aka gaya wa dillalai. Shiru har kusan wata biyu. Inna ta rame, ta daina kallon wajen jeren.

Ranar da asiri ya tonu, wata dillaliya ce ta shigo gidan maƙwabta da kaya a ƙwarya tana nuna wa mai shirin aurar da 'ya. Matar gidan ta ɗaga murfin wani kwano mai furanni ja, ta ga ɗan tabo baƙi a gefe inda fenti ya ɓare. Ta san tabon, unguwa duka ta san shi, don ni na yi shi. Na saki murfin a kan dutsen niƙa shekara guda kafin nan, kuma kukan da na yi da Inna ta kama ni har gidansu an ji. Ta ce wa dillaliya ta zauna ta sha ruwa, ta aika yarinya ta katanga. Ka ga dukan da na sha ashe ajiya ce.

Dillaliya ta rantse ta faɗi wanda ya ba ta, wani mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwa. Shi kuma da aka matsa masa ya nuna wanda ya kawo masa. Da aka shigo da mutumin zauren mai unguwa, sai kowa ya yi tsit. Mun san shi. Ɗan dako ne da ya zo cin rani, gyaɗa ta ƙare, abokansa suka koma gona, shi ciwo ya kwantar da shi ya cinye guzirinsa. A zauren maƙwabcinmu yake kwana. Ni da kaina na sha kai masa tuwo da daddare. Shi ya taya Baba yaɓen ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka, aka ba shi taro da abinci.

Nan fa samari suka taso. A ɗora masa kwanukan a ka, a shafa masa toka, a zaga da shi har bakin kasuwa. To ka ji, abin da dattijonku ya faɗa ba ƙarya ne gaba ɗaya ba, ana yi. Na taɓa gani an rataya wa wani kaza a wuya yara suna binsa da waƙa da jifa, ni ma na bi, har na yi jifa biyu. Da na dawo ina ba da labari ina dariya, Baba bai ce komai ba sai da ya idar da sallar isha'i, sannan ya ɗauko tsumagiya. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a ce mai unguwa ko liman ko wani mai furfura ne ya ce a yi. Aikin 'yan kasuwa ne da yara, in jini ya hau, kafin manya su iso.

Ranar nan manya sun riga su isowa. Kaka ya sa aka kore mu, aka saki asabari, amma ni na laɓe a bayan ƙyaure. Na ji yana cewa, “Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ku karɓi kayanku, hukuma ta yi nata, wannan duk zai iya haɗiyewa. In kuka zaga da shi, kun cire masa abin da zai sa ya ji nauyin sake yi.” Wani ya ce ai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, yau ranarmu ce. Kaka ya ce ranar mai kaya ta karɓar kaya ce, kuma ga su nan an karɓa. Sai ya juya kan maƙwabcinmu, ya tambaye shi wata nawa mutumin nan ya yi a zaurensa, ya taɓa kai shi wajen mai unguwa? Ya taɓa tambayarsa garinsu? Ya san ya yi ciwo? Maƙwabci ya sunkuyar da kai. Kaka ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni a lokacin haushi na ji, ina ganin an bar ɓarawo ana yi wa mai gida faɗa.

Shi kuwa mutumin yana tsugune, ko ɗaga kai bai yi ba. Abu ɗaya na ji ya faɗa, wai kuɗin mota yake nema ya koma gida, ya ji kunyar roƙo. Inna da aka gaya mata ta ce, “Kunyar roƙo, amma ban da kunyar haƙa ɗakina?” Ita ba ta yafe ba a ranar, kada in yi mata ƙarya. Kwano biyar da tasa ɗaya suka dawo, zannuwa da kuɗi sun tafi.

Baba ya so a kashe maganar a nan, mai unguwa ya ce haƙa gida da dare ya fi ƙarfin zaure, dole a kai gaba. Ɗan doka ya zo ya tafi da shi, alƙali ya ɗaure shi wata shida. Mai sayen kayan kuwa, ɓarawon zaune, ya rantse bai san na sata ba ne, ya koma rumfarsa. Kwano bakwai da tasa biyu a hannun ɗan dako mai riga ɗaya, a kuɗin da bai kai rabin rabi ba, wai bai sani ba! Wannan ya tsaya wa Kaka a rai har ya rasu. Yakan ce na tsaye dare ɗaya yake aiki, na zaune kullum kasuwarsa a buɗe. Kai ma da za ka tambayi samarin layinku inda wayoyin sata suke zuwa, za ka ga sun san shagon, wataƙila ma suna gaishe da mai shi.

Bayan kamar wata uku, an aike ni wajen Kurmawa, na ga fursunoni an fito da su aiki, gandiroba yana biye da su. Yana cikinsu, da tsintsiya a hannu. Ya gane ni, ni ma na gane shi. Na ɗauka zai kau da kai. Sai ya ɗan rusuna ya ce, “Yaya Malam? Yaya Inna?” Na rasa abin da zan ce, na amsa da lafiya lau na wuce da sauri. Da na gaya wa Kaka, ya ce in da kun zaga da shi, da ba gaisuwa zai aiko ba. Daga ranar ban sake ganinsa ba. An ce da ya fito ya tafi garinsu.

Abin da ke damuna da naku shi ne, mu ko an zaga da mutum, iyakarsa kasuwa, kwana kaɗan a manta, in ya ga dama ya bar gari ya sake rayuwa. Ku kuma kun sa shi a waya. Yaron nan zai nemi aure wata rana, a je bincike a tarar da bidiyon yana nan. Kuma duk layinku ba a samu babba ɗaya da zai fito ya ce a shigo da shi zaure ba? Af, na manta, gidajenku ba su da zaure, sai get da waya mai ƙaya. Maƙwabcinka ma na tabbata ba ka san sunan mahaifinsa ba.

Ban tambaye ka ba ko kana cikin masu ɗauka, kuma kada ka gaya min. In yana cikin wayarka ka goge, kada ka tura wa kowa, har ni. Ka bincika min yaron ɗan gidan wa ne, da wanda yake ci da shi, in ka zo ranar Juma'a ka faɗa min. Kwanon nan mai tabo yana wajen Gwaggonka babba, a cikinsa take ajiye goro. Ka ce ta nuna maka murfin.